Sarauniyoyin ƙasar Hausa a finafinai

Sarauniyoyin ƙasar Hausa a finafinai batu ne da ya shafi yadda masu shirya fim suka nuna matan da suka riƙe sarauta ko suka ja ragamar yaƙi a ƙasar Hausa kafin mulkin mallaka ya kafu. Biyu daga cikinsu ne aka yi wa manyan finafinan da suka zaga duniya. Ta farko ita ce Sarauniya Mangu ta garin Lugu da ke Jamhuriyar Nijar, a fim ɗin *Sarraounia* na shekarar 1986 wanda Med Hondo ya ba da umarni. Ta biyu ita ce Sarauniya Amina ta Zazzau, a fim ɗin *Amina* na shekarar 2021 wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni. Shekara 35 ce tsakanin finafinan biyu, kuma sun sha bamban a manufa da masu kallon da aka nufa da su. Sun haɗu a abubuwa biyu: rubutaccen tarihin matan kaɗan ne, don haka sai da masu fim suka cike gurbi da labarin da suka ƙaga, sannan a cikin finafinan biyu ba da Hausa sarauniyar take magana ba.

Ma'anar suna

Kalmar "sarauniya" jinsin mace ce ta kalmar "sarki". Ana kiran macen da ke mulki da ita, haka kuma a wasu masarautu sarauta ce da ake bai wa wata mace daga gidan sarki. A Lugu sarauta ce da ake gada tun kafin zuwan Turawa, kuma har yanzu akwai mai riƙe da ita. Mangu sunan wadda ke kan sarautar ne a shekarar 1899. Da Faransawa suka rubuta kalmar da ƙa'idar rubutunsu sai ta zama Sarraounia, kuma masu karatu da yawa a wajen ƙasar Hausa suka ɗauka sunan yanka ne na mace guda. Da wannan rubutun ne littafi da fim ɗin suka fito.

Abin da tarihi ya adana

*Amina ta Zazzau*

Babu rubutun da aka yi a zamanin Amina da ya iso hannun masana. Daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambace ta akwai *Infaƙul Maisuri* na Muhammadu Bello, wanda aka kammala a shekarar 1812. Littafin ya bayyana cewa ta yi yaƙi da ƙasashe da dama har suka riƙa biyan ta haraji, kuma ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara. Akwai kuma *Tarihin Kano*, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a shekarar 1908. Shi ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ikonta ya kai Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta shafe shekara 34 tana yaƙe-yaƙe.

Wasu masana kuwa suna sanya ta a ƙarni na 16, domin ana cewa 'yar Bakwa Turunku ce, wanda jerin sarakunan Zazzau ya sanya mulkinsa wajen 1536. Idan haka ne, ta rayu kusa da zamanin da Kanta ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame. Ruwayoyi sun saɓa a kan ko Bakwa namiji ne ko mace. Sunan Amina kuma bai fito a jerin sarakunan Zazzau da aka fi dogara da shi ba, abin da ya sa wasu masana tarihi ke ganin gimbiya ce mai jan rundunar yaƙi, wasu kuma ke ganin ta hau gadon sarauta. Labaran baka suna jingina mata gina ganuwa a garuruwa da dama, wadda ake kira ganuwar Amina, kuma suna cewa ba ta taɓa aure ba.

*Sarauniya Mangu ta Lugu*

Lugu ƙauye ne a yankin Dogon Dutsi na jihar Dosso, cikin ƙasar Arewa. Arawa Hausawa ne da iyakar mulkin mallaka ta raba biyu, wasu a Nijar, wasu a ƙaramar hukumar Arewa Dandi ta jihar Kebbi. Mutanen Lugu na wancan lokaci Azna ne, wato masu bin addinin gargajiya, kuma Sarauniya ce shugabar al'amuran ibadarsu.

A ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar raba yankin kogin Kwara. Yarjejeniyar ta bar garin Illo, wanda yanzu ke ƙaramar hukumar Bagudo kusa da iyakar Benin, a hannun Ingila, ta bar Nikki a hannun Faransa, sannan ta zana iyaka mai siffar baka, mil 100 daga birnin Sakkwato. Bayan haka Faransa ta tura runduna ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine domin ta ratsa daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Rundunar ta ƙunshi tsirarun hafsoshi Turawa da ɗaruruwan sojoji 'yan Afirka da 'yan dako. Ta bar Sansanin Hausa a watan Janairun 1899, tana ƙona garuruwa tana kashe mutane a kan hanya.

A ranar 16 ga Afrilu, 1899, rundunar ta kai wa Lugu hari. Mutanen garin suka tare ta da kwari da baka, suka kashe sojoji 4, suka raunata 6, sannan suka janye cikin kurmi. Rundunar ta ƙona garin ta wuce. A farkon watan Mayu ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni. Da labarin ta'asar ya kai Faris, aka aika Laftanar Kanar Klobb ya karɓi jagoranci, amma Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojin rundunar suka yi tawaye suka kashe Chanoine da Voulet a yankin Maijirgi. Takardun Faransawa sun ambaci Sarauniya a taƙaice, a matsayin matsafiya. Sauran abin da aka sani game da ita daga bakin mutanen yankin ya fito.

Fim ɗin Sarraounia (1986)

An gina fim ɗin a kan littafin *Sarraounia* na Abdoulaye Mamani (1932–1993), wanda kamfanin L'Harmattan ya buga da Faransanci a shekarar 1980. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne da ya yi gudun hijira na shekaru, ya kuma sha ɗauri a zamanin Seyni Kountché. Med Hondo ɗan ƙasar Muritaniya ne da ya zauna a Faransa, wanda kafin nan ya yi suna da *Soleil Ô* da *West Indies*. Ya rasu a Faris a shekarar 2019.

Da farko a Nijar aka shirya ɗaukar fim ɗin, amma hukumomin ƙasar suka janye goyon bayansu. Gwamnatin Thomas Sankara ta Burkina Faso ta karɓi aikin, ta kuma ba da sojoji suka fito a fagen yaƙi. Aï Keïta, 'yar Burkina Faso, ita ta fito a matsayin Sarauniya. Jean-Roger Milo ya fito a matsayin Voulet, Féodor Atkine kuma Chanoine. Pierre Akendengué na Gabon ne ya tsara kiɗan. Tsawon fim ɗin kusan awa biyu ne.

Labarin ya fara da ƙuruciyar Sarauniya a hannun wani dattijo mai suna Dawa, wanda ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani. Ta girma ta hau sarauta, ta kare garinta daga mahara da ke zuwa daga ɓangaren Sakkwato. Daga nan fim ɗin ya koma kan rundunar Faransawa, ya daɗe yana bin ta gari bayan gari. Bayan yaƙin Lugu tsoron Sarauniya ya shiga zukatan sojojin, rundunar ta fara wargajewa har shugabanninta suka hallaka. Fim ɗin ya rufe da Sarauniya tana karɓar mutane daga ƙabilu da addinai daban-daban domin su zauna tare.

Fim ɗin Amina (2021)

Okechukwu Ogunjiofor, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi *Living in Bondage* a shekarar 1992, shi ya ɗauki nauyin shirya *Amina*. Izu Ojukwu, wanda ya ba da umarnin *Sitanda* da *'76*, shi ya ja ragamar aikin. An ɗauki fim ɗin shekaru kafin fitowarsa, sai ranar 4 ga Nuwamba, 2021 Netflix ta sake shi. Lucy Ameh ce ta fito a matsayin Amina. Ali Nuhu ya fito a matsayin Danjuma, Clarion Chukwura kuma Zumbura, mai duba da ke faɗin abin da zai faru. Akwai kuma Yakubu Mohammed da Asabe Madaki da Magaji Mijinyawa.

Fim ɗin ya zaɓi ƙarni na 16, ya kuma nuna Bakwa a matsayin namiji, mahaifin Amina da ƙanwarta Zariya. Tun tana yarinya Amina ta nemi a koya mata yaƙi, manyan fada suka ƙi saboda mace ce. Madaki, shugaban rundunar Zazzau, shi ne babban mai adawa da ita, kuma ta hannunsa makirci ya shiga fada. An saka labarin soyayya tsakaninta da Danjuma, wanda aka nuna ɗan sarautar Igala ne. Mafi yawan fim ɗin a kan ƙuruciyarta ne da hanyar da ta bi ta kai ga mulki. Shekaru 34 na yaƙe-yaƙe da *Tarihin Kano* ya ambata ba su samu wuri mai yawa ba.

Kwatanci

*Tushen labari.* Hondo ya samu kwanan wata da sunayen hafsoshi da hanyar da rundunar ta bi a rubuce, don haka ɓangaren Faransawa na fim ɗinsa ya yi kusa da abin da takardu suka nuna. Ɓangaren Sarauniya kuwa, da ƙuruciyarta da Dawa da jawabanta, daga littafin Mamani ya fito. Ojukwu bai da ko tabbataccen ƙarni, saboda haka kusan dukan abin da ya faru a cikin *Amina* ƙagagge ne, in ban da sunayen Amina da Bakwa da Zariya da Zazzau da wasu sarautu.

*Abokan gaba.* A *Sarraounia* abokin gaba daga waje yake zuwa da bindiga, fim ɗin kuma yana tuhumar mulkin mallaka kai tsaye, tare da nuna sarakunan yankin da suka miƙa wuya ko suka haɗa kai da Turawa. A *Amina* abokin gaba yana cikin gida: fadawa maza da ba su yarda mace ta riƙe takobi ba. Na farko ya fito daga tunanin 'yan gwagwarmayar neman 'yancin Afirka, na biyu kuma daga muhawarar wannan zamani kan matsayin mata a shugabanci.

*Siffar sarauniya.* Finafinan biyu sun nuna mace mai riƙe makami da kanta. Game da Amina wannan ya dace da ruwayoyin da ake da su. Game da Mangu akwai saɓani. Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho, waɗanda suka yi nazarin labarin, sun nuna cewa Sarauniyar Lugu shugabar addini ce da ke zaune a keɓe, kuma siffar jaruma mai jan dakaru ta bazu ne bayan littafin Mamani da fim ɗin Hondo. A *Sarraounia* ba ta yawan magana, akwai ma dogon lokaci da ba a ganin ta sam, sai dai a ji sojoji da mutanen gari suna ambaton ta cikin tsoro ko girmamawa. A *Amina* kuwa kusan kowace fitowa da ita ake yi.

*Addini.* Hondo ya nuna addinin Azna a fili, ya mai da shi tushen ƙarfin Sarauniya, ya kuma nuna saɓanin da ke tsakaninta da maƙwabtanta Musulmi. *Amina* ya kawo duba da tsafi ta hannun Zumbura, amma bai tsaya kan matsayin Musulunci a Zazzau ta ƙarni na 16 ba, alhali a lokacin addinin ya riga ya shiga fadojin Kano da Katsina tun ƙarnonin da suka gabata.

*Soyayya.* Labaran baka suna cewa Amina ta ƙi aure, wasu ma suna cewa takan ɗauki namiji a garin da ta ci da yaƙi, a kashe shi da safe. Fim ɗin 2021 ya bar wannan ruwaya, ya ba ta masoyi guda. A *Sarraounia* ma akwai masoyi, jarumi mai suna Baka, amma labarinsa gefe ne, kuma an nuna ba ta yarda namiji ya mallake ta ba.

Harshe

Matan biyu Hausawa ne. Mangu ta yi magana da karin harshen Arewa, wanda ke cikin rukunin Hausar yamma tare da Sakkwatanci da Kabanci. Amina kuma daga yankin Zazzaganci take, duk da cewa Hausar zamaninta ta bambanta da ta yau. Amma da yake a Burkina Faso aka ɗauki *Sarraounia*, da 'yan wasan ƙasar, harsunan da aka fi ji a ciki su ne Jula da Fulatanci da Faransanci. Hondo ya yi amfani da bambancin harshe a matsayin wani ɓangare na labarin: Turawa suna magana da Faransanci, sojojinsu 'yan Afirka suna jagwalgwala shi, tafinta yana tsakani, mutanen gari kuma suna magana da harshen Afirka. Mai kallo a Turai yakan ji wannan rabuwa ko da bai san wane harshe ba ne. Bahaushen Dogon Dutsi ko Kangiwa kuwa sai ya karanta fassarar ƙasan allo kafin ya fahimci abin da sarauniyar yankinsa ke cewa.

A *Amina* mafi yawan maganganun da Turanci ne, an dai bar sunayen sarautu kamar Sarki da Madaki da Barde da Hausa. An yi hakan duk da cewa akwai fitattun 'yan Kannywood a cikin fim ɗin. Zaɓen Turanci ya sauƙaƙa sayar da fim ɗin a kudancin Najeriya da ƙasashen waje. Abin da aka rasa shi ne salon maganar fada: kirari, da gaisuwar sarki irin su "ranka ya daɗe" da "Allah ya ja zamaninka", da sakaya zance, da yadda bafade ke isar da maganar sarki ga jama'a. Waɗannan su ne suke nuna matsayin kowa a fadar Bahaushe, kuma fassara ba ta ɗauke su yadda suke.

Karɓuwa da suka

*Sarraounia* ya lashe babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a shekarar 1987. Kyautar tana ɗauke da sunan Yennenga, gimbiya mayaƙiya da Mosawa ke ɗauka a matsayin kakarsu. A Faransa fim ɗin bai daɗe a gidajen sinima ba, kuma Hondo ya yi ƙorafi kan yadda aka rarraba shi. A yau ana lissafa shi cikin manyan finafinan tarihi na Afirka, ana kuma koyar da shi a jami'o'i.

*Amina* ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga jerin goma da aka fi kallo a Netflix a faɗin duniya. A bikin AMVCA na shekarar 2022 an tsayar da shi takara a rukuni 13, ya kuma lashe kyautar fim mafi kyau. A arewacin Najeriya ra'ayi ya rabu. Wasu sun ji daɗin ganin labarin Zazzau ya kai ga duniya. Wasu sun soki rashin Hausa, da suturar da suka ce ba ta yi kama da ta Hausawa ba, da fagen gwabzawa da suka ce ya fi kama da na finafinan Rumawa fiye da dandalin dambe ko kokawa.

Misalai daga wasu ƙasashe

Irin wannan muhawara ta daɗe game da Kiliyobatira, sarauniyar Masar da ta rasu shekara 30 kafin haihuwar Annabi Isa. Theda Bara ta fito a matsayinta a 1917, Claudette Colbert a fim ɗin Cecil B. DeMille na 1934, Elizabeth Taylor kuma a fim ɗin Joseph L. Mankiewicz na 1963, wanda ya ci kyautar Oscar huɗu. Dukansu a masana'antar Amurka aka yi su da Turanci, alhali Girkanci ne harshen fadarta, kuma kowanne ya nuna ado da ɗabi'un zamanin da aka yi shi. Bambancin shi ne Kiliyobatira tana da kuɗin da aka buga da hotonta da rubuce-rubucen marubutan Girka da Rum irin su Plutarch, abin da Amina ba ta da shi.

A maƙwabciyar ƙasa Benin, fim ɗin *The Woman King* na 2022, wanda Viola Davis ta jagoranci 'yan wasansa, ya nuna mayaƙa mata na daular Dahomey. A Afirka ta Kudu aka ɗauke shi, da Turanci, kuma an soke shi kan yadda ya sassauta rawar da daular ta taka a cinikin bayi.

Tasiri

Sunan Amina ya riga fim ɗinta yaɗuwa. Akwai mutum-mutuminta a Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Legas, da Kwalejin Sarauniya Amina a Kaduna, da ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Legas, ga kuma wasan kwaikwayon Wale Ogunyemi a kanta. Ita kuwa Mangu, littafi da fim ne suka fitar da sunanta daga yankin Dogon Dutsi zuwa ƙasa baki ɗaya. A Yamai akwai gidan rediyo da talabijin mai suna Saraounia, kuma gwamnatin sojan da ta hau mulki a watan Yulin 2023 ta ƙirƙiro lambar girmamawa da sunan Sarauniya Mangu. A shekarar 2020 fim ɗin gaskiya mai suna *African Apocalypse*, wanda Rob Lemkin ya ba da umarni, ya bi sawun rundunar Voulet a kudancin Nijar, inda jikokin waɗanda abin ya shafa suka ba da labarin da Hausa.

Duba kuma

- Amina ta Zazzau
- Sarauniya Mangu
- Daurama
- Masarautar Zazzau
- Daular Kabi
- Arawa
- Med Hondo
- Kannywood